Kukan Kunne da Magungunan Sinawa: A Auna Kafin a Saya

Kwanan baya wani malamin makaranta, dattijo mai hankali wanda ya shekara 20 da ɗoriya yana fama da allo da alli, ya nuna mini wata 'yar kwalba mai rubutun Sinanci, cike da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe kamar masoro. Ya ce yau shekara 2 ke nan kunnuwansa suna kuka dare da rana, sai ka ce gyare ne ya shiga ciki ya tare. Ya je asibiti, likita ya duba, ya ce masa babu wata ƙwaya da za ta kawar da wannan kuka. Yana cikin wannan baƙin ciki sai ya gamu da wani mai talla, wanda ya ce masa ai Sinawa sun gano maganin abin tun kaka da kakanni. Malam ya zaro wajen rubu'in albashinsa ya ba shi. To, da ya tambaye ni ra'ayina na ba shi amsa, amsar nan kuwa ita na ke so in shimfiɗa a wannan shafi, gama na tabbata cikin akawuna da malamai masu karanta jaridar nan akwai irinsa da yawa.

Ciwon ba na mutum ɗaya ba ne. A shekarar 2022 waɗansu masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam dabam, suka ƙiyasta cewa wajen mutum 14 cikin kowane baligi 100 suna jin wannan kuka, watau fiye da mutum miliyan 740 a duniya, kuma fiye da miliyan 120 daga cikinsu abin ya tsananta musu. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saboda haka ba na ganin laifin Malam. Amma ra'ayina shi ne, ilmin likitancin Sinawa ya cancanci girmamawa, duk da haka har yau ba a tabbatar da cewa wani ganye nasu ko wata allura tasu tana warkar da kukan kunne ba, kuma bai kamata ma'aikaci ya zuba guminsa a kan abin da ba a auna ba.

Bari mu fara da yi wa Sinawa adalci, mu ji abin da su ke cewa. Sunan ciwon a harshensu er ming, ma'anarsa kuwa daidai da tamu, watau kukan kunne. A cikin babban littafin likitancinsu mai suna Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, an ɗaura kunne a kan ƙoda. Sai dai abin da su ke nufi da ƙoda ya wuce tsokar nan da mahauci ya sani. A wurinsu ita ce rumbun ƙarfin da aka haifi mutum da shi, wanda ya ke raguwa da shekaru da yawan wahala, in ya ragu kuwa sai ji ya raunana. Har wa yau suna cewa akwai wani ƙarfi da su ke kira qi, mai zagaya jiki ta manyan hanyoyi 12, waɗansu daga cikin hanyoyin nan kuwa, kamar ta matsarmama, suna kewaya kunne.

Wani babban likitansu, Zhang Jiebin, wanda ya rayu daga 1563 zuwa 1640, ya raba kukan kunne gida biyu a littafinsa. Akwai na cikowa, akwai na rashi. Na cikowa shi ne mai aukowa farat ɗaya da babbar ƙara, galibi ga mai sauran ƙuruciya da zafin jiki. Likitocinsu suna danganta shi da wutar hanta, wadda fushi da ɓacin rai su ke hurawa har ta hau kai, ko kuwa da majina mai zafi wadda cin maiƙo da shan giya su ke tarawa. Na rashi shi ne mai shigowa sannu a hankali da siririyar murya, ya fi damun mutum da dare ko bayan gajiya, ya kan zo tare da ciwon baya da sanyin gwiwa, ya kuma fi kama wanda ya manyanta. Kafin likita ya yanke ko wanne ne, sai ya dubi harshen majiyyaci, ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa ya ji bugun jijiya, sa'an nan ya tambaye shi barcinsa da cimarsa da halin zuciyarsa.

Kowane gida da maganinsa. Mai wutar hanta a kan ba shi wani haɗi mai suna Longdan Xiegan, wanda jigonsa wata saiwa ce mai ɗaci kamar maɗaci. Mai raunin ƙoda a kan ba shi Erlong Zuoci, wanda aka gina a kan wani tsohon haɗi na kayan magani 6 da likitan yara Qian Yi ya bari a littafin da ya fito a 1119, aka ƙara masa garin dutsen maganaɗisu. Ban da sha kuma akwai sukar allura. A kan soka siraran allurai a gurabu uku da ke jere a gaban kunne, masu suna Ermen da Tinggong da Tinghui, da wani gurbi a bayan fatar kunne mai suna Yifeng, sa'an nan da waɗansu can nesa, a bayan hannu da wajen idon sawu. Akwai kuma wata dabara ta kyauta da su ke kira kaɗa gangar sama, watau mutum ya rufe kunnuwansa da tafukan hannu, ya riƙa ƙyasta yatsa a ƙeya.

Duk mai adalci zai yarda cewa mutanen nan sun lura ƙwarai. Sun ga tsufa yana kawo kukan kunne, sun ga fushi da damuwa da rashin barci suna ƙara shi, likitocin zamani kuwa ba su musa ko ɗaya cikin waɗannan ba. Bugu da ƙari likitansu yana zama da majiyyaci ya saurare shi, abin da ya yi wuya a asibitin da mutum ɗari ke layi. Amma fa lura dabam, gano sanadi dabam, warkarwa kuma dabam.

Abin da aka gano a zamanin nan shi ne, can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan ƙashi nannaɗaɗɗe kamar katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi wajen 15,000, su ne ke juya amo su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani, da tsufa, da waɗansu magunguna suna kashe su, wanda ya mutu kuwa ba ya sāke tsirowa. Sa'ad da saƙo ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara himmar saurare, har ta riƙa jin amon da babu shi a waje. Shi ya sa an sha yanke jijiyar ji ɗungum saboda wata larura, amma kukan bai daina ba. Ashe a mafi yawan mutane kukan ba a ƙoda ya ke ba, ba kuma a hanta ba.

To, wani zai ce, ina ruwanmu da sanadi in dai maganin yana aiki? Wannan magana ce mai kyau, kuma ita ce ainihin wurin da ya kamata a tsaya. Ta yaya za a san magani yana aiki? Shaidar wanda ya sha bai isa ba, domin kukan kunne ciwo ne mai hawa da sauka, kuma yawancin masu shi su kan saba da shi bayan watanni ko ba su sha kome ba. Mutum kuwa ba ya neman magani sai ranar da abin ya tsananta, in ya lafa daga baya sai a yaba wa kwalba. Saboda haka masana suka fito da ma'auni. A raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗansu maganin gaske, a ba waɗansu abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki, kada kowa ya san abin da ya samu, sa'an nan a gwada sakamako.

An ɗora sukar allura a kan wannan ma'auni. A shekarar 2000 waɗansu masana uku a Ingila, Park da White da Ernst, suka tattara gwaje-gwaje 6 da aka yi a kan kukan kunne. Guda 2, waɗanda majiyyata suka san abin da a ke yi musu, sun nuna amfani. Guda 4, waɗanda aka ɓoye wa majiyyata ko sukar gaske ce ko ta ƙarya, ba su nuna wani bambanci ba. Gaskiya ne tun daga lokacin an buga rahotanni da yawa a ƙasar Sin masu cewa allura tana taimako, amma akwai abin lura. A 1998 wani bincike ya duba gwaje-gwajen allura da aka buga a duniya, ya tarar duk waɗanda suka fito daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan nasara su ke ba da labari, babu ko ɗaya da ya ce an gwada ba a dace ba. Kowane malami ya san abin da zai zata in ɗalibai duka suka ci jarrabawa ɗari bisa ɗari shekara da shekaru. Domin haka ne a 2014, da ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar da ƙa'idodin kula da wannan ciwo, ta ce hujjar da ke akwai ba ta isa ta ba da shawara a kan allura ba, ko a yi ko a bari.

Haka labarin ganyen ginkgo, wata itaciya 'yar asalin ƙasar Sin wadda Jamusawa suka mai da ruwan ganyenta ƙwaya, a ke sayarwa ko'ina da sunan maganin kunne. A 2001 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a Bamingam ta Ingila da mutum 1,121, na tsawon mako 12. Waɗanda suka sha ginkgo ba su fi waɗanda suka sha ƙwayar banza samun sauƙi ba. Ƙa'idodin nan na 2014 sun ce kada likita ya ba da shi domin kukan kunne.

Sa'an nan akwai masu cewa, ai ko bai yi amfani ba, ganye ne, ba ya cutarwa. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni tsoro. Tsakanin 1990 da 1992 wani asibitin rage ƙiba a Beljiyam ya ba mata wani haɗi wanda aka yi kuskuren sa wata saiwar Sin maimakon wata a cikinsa. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka riƙa wanke musu jini da inji ko aka dasa musu wata ƙoda, waɗansu kuma daga baya ciwon daji ya kama mafitsararsu da hanyoyin fitsari. Dafin da ya yi wannan ɓarna yana cikin tsire-tsiren da masana ke kira Aristolochia. A ƙasar Sin kanta an daɗe ana sa wani daga cikinsu, mai suna guan mutong, cikin haɗin Longdan Xiegan ɗin nan na masu wutar hanta, maimakon itacen da magabata suka rubuta. Da labarin waɗanda ƙodarsu ta mutu ya fito a jaridu a farkon 2003, sai hukumar ƙasar ta hana amfani da shi a shekarar nan, aka koma ga itacen asali. Ku duba wannan abin tausayi, jama'a: ilmin da ya ce lafiyar kunne tana ga ƙoda, a cikin kantinsa aka sami abin da ke kashe ƙodar. Garin gyaran gira an rasa ido. Kada kuwa mu zaci abin ya yi nesa da mu, gama duman dutse da masu maganinmu ke haƙowa ɗan wannan dangi ne.

Akwai kuma wani tsohon haɗi na kunne da ido mai suna Cizhu, wanda a ke yi da maganaɗisu da wani jan dutse mai zaiba a cikinsa, zaiba kuwa dafi ce ga jijiya da ƙoda in ta taru a jiki. Ban ce kwalbar Malam tana da ɗayan waɗannan ba. Abin da na ce masa shi ne, shi bai iya karanta rubutun da ke jikinta ba, mai tallan ma bai iya ba, kuma akawun da ba zai sa hannu a takardar da bai karanta ba, bai kamata ya haɗiyi abin da bai san sunansa ba.

Na san wani zai ce wannan marubuci ya raina na gargajiya ne, ya ɗaukaka na Turawa. Ko kusa. Magungunan asibiti ma suna da nasu laifi a wannan fage: asfirin in ya yi yawa yana sa kunne kuka, allurai irin su streptomycin da gentamicin suna iya kurmantar da mutum, duk wanda ya taɓa shan kwinin domin zazzaɓi kuwa ya san yadda kunne ke ɗaukar amo kamar an kaɗa ƙararrawa. Ma'aunin da na ke kira a yi aiki da shi bai san Bature ba, bai san Basine ba. Hujjata kuwa daga ƙasar Sin ɗin za ta fito.

A shekarar 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Sin ta kafa wani aiki na neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. A 1969 aka ɗora wata masaniya mai suna Tu Youyou a kan wata ƙungiya cikin aikin. Ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, suka yi ta gwadawa a kan ɓeraye, galibinsu suka faɗi. Wani ganye mai suna qinghao, dangin tazargade, ya riƙa yi yau ya ƙi gobe, har ta koma ga littafin wani malami Ge Hong na ƙarni na 4, ta lura shi jiƙa ganyen ya ce a yi a matse, bai ce a dafa ba. Sai ta gane zafin wuta ne ke kashe amfanin, ta sāke dabara. A watan Oktoba na 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar sarai a jikin dabbobin gwaji. Ta sha da kanta kafin a ba majiyyata, a 1972 aka tace sinadarin da a yau a ke kira artemisinin, a 2015 kuma aka ba ta lambar Nobel.

Ba a tsaya nan ba. A 2010 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka 9 da yara 5,425 masu zazzaɓi mai tsanani, har da asibitin Ilorin a ciki. Cikin waɗanda aka yi wa allurar kwinin, wajen yara 109 cikin 1,000 suka rasu. Cikin waɗanda aka yi wa allurar artesunate, 'yar gidan artemisinin, 85 cikin 1,000. To, ga abin mamaki. Babban alherin da likitancin Sinawa ya yi wa kunnuwanmu bai zo ta maganin kunne ba, ya zo ne ta maganin da ya rage mana shan kwinin. Abin da ya ɗaukaka qinghao kuwa shi ne ya hau ma'auni ya rinjaya, alhali ɗaruruwan 'yan'uwansa, waɗanda su ma tsofaffin littattafai suka yabe su, sun hau sun faɗi. Girmama magabata ke nan na gaskiya. Ranar da Erlong Zuoci ko allurar Tinggong suka hau irin wannan ma'auni suka rinjaya, ni ne zan fara shela a wannan shafi.

Kafin wannan rana, me mai kukan kunne zai yi? Da fari ya je a duba kunnen, domin wani lokaci dauɗa ce ta toshe shi, ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne, waɗannan kuwa suna da magani. Ya gaya wa likita duk magungunan da ya ke sha. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, kada ya kwana biyu yana jiƙe-jiƙe, gama maganin wannan ya fi ci a cikin mako 2 na farko. Haka kuma in kukan a kunne ɗaya ne kaɗai, ko yana bugawa tare da bugun zuciya, ko ya zo da jiri, lalle ne likitan kunne ya gani. Wannan jinkiri shi ne ɓarna ta uku da kwalbar mai talla ke yi, bayan ta kuɗi da ta dafi.

In an duba ba a sami wani abin tsoro ba, to, maganar likitan Malam gaskiya ce amma ba ta cika ba. Babu ƙwaya, amma akwai taimako. Wanda jinsa ya ragu, na'urar ƙara ji ta kan rage masa kukan, domin ƙwaƙwalwa ta sami abin saurare. Da dare kada ya kwanta a ɗaki tsit, ya bar fanka tana juyawa ko rediyo ƙasa ƙasa. Akwai kuma horon da masana halin ɗan Adam ke yi wa majiyyaci, na yadda zai daina tsoron amon da sa masa ido, wannan kuwa shi ne ya fi kowace hanya samun shaida a gwaje-gwaje. Gangar sama ta Sinawa, tun da ba ta cin ko kwabo, wanda ya ji daɗinta ya kaɗa abarsa. Wanda kuma ya nace sai ya gwada allura, to, ya tabbata sababbin allurai ne daga cikin takardarsu, a hannun wanda ya koyi aikin, ya kuma san gwaji ya ke yi, kada ya ci bashi dominsa.

Sauran magana tana ga malamai da hukuma. Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa rigakafin shi ne kiyaye kunne daga ƙara. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, duk inda sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, to, ƙarar wurin tana cin kunne. Yaron da ke wuni a bakin injin niƙa, da wanda ke kwana kusa da janareta, da wanda ke cusa abin sauraren waƙa a kunne ya ƙure murya, su ne masu kukan kunnen gobe, kuma malami ne ya fi kowa damar gaya musu. Hukumar NAFDAC kuwa, wadda aka kafa a 1993 domin lura da abinci da magunguna, muna roƙonta ta matsa wa masu shigo da irin waɗannan kwalabe su rubuta abin da ke ciki da harshen da mai saye zai karanta. Jama'a kuma su sani lambar hukuma a jikin maganin gargajiya ba shaida ce ta cewa yana warkar da abin da mai talla ya lissafa ba.

Malam dai ya ajiye kwalbarsa, ya koma asibiti aka auna jinsa, aka tarar ya ragu a kunnuwan duka biyu. Gyaren bai tashi ba tukuna, amma yanzu Malam ya san sunan abin da ke damunsa, albashinsa kuma yana isa gida. Allah ya ƙara mana lafiya, ya kuma ba mu basirar aunawa kafin saye.